Kafin A Kama Hanyar Indiya: Gargaɗi Ga Mutanen Agye, Gazawa Da Gidan Runji

Ƙasar Indiya ta riga ta shigo garuruwanmu tun kafin mu fara tunanin zuwa can. Layin Airtel da ake kira da shi a kasuwar Caduwa na kamfanin Bharti ne na Indiya, wanda ya sayi reshen kamfanin Zain na Afirka a 2010. Babura da kekunan adaidaita ƙirar Bajaj da TVS daga can suke, haka ma magunguna da dama da ke kan kantar famasi. Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Yamai a 2009, Nijar ta buɗe nata a Niyu Delhi a 2011, kuma a 2020 aka buɗe babban zauren taro na Mahatma Gandhi a Yamai, wanda Indiya ta ba da kuɗin gina shi. Da zumunci ya yi ƙarfi haka, sai masu tafiya suka ƙaru: majinyata masu ciwon ƙoda ko zuciya ko daji, ɗalibai masu neman ilimi, da ƴan kasuwa. Manufar wannan takarda ita ce a fahimtar da jama'a abu guda: nasarar tafiya Indiya a gida ake ƙulla ta, da takardu tsararru da bincike, tun ba a hau motar Yamai ba.

Dalilin wannan gargaɗi yana cikin irin tafiyar da muka gada. Mutumin Gazawa ko na Gangara in zai tafi cin rani Katsina ko Kano, sunan mai masauki kawai yake riƙewa. Ya sauka tasha, ya tambayi inda mutanen garinsu suke zama, kafin magariba ya sami tabarma da tuwo. In kuɗi ya yanke, wani ya ranta masa; in rigima ta taso, dattijo ya shiga tsakani. Wannan tsari mai albarka ne, amma yana aiki ne a inda ake jin harshenka kuma aka san asalinka. Indiya kuwa mutanenta sun haura biliyan 1 da miliyan 400, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta zarce Sin a yawan jama'a. Birnin Delhi da kewayensa kaɗai sun fi Nijar gaba ɗaya yawan mutane, alhali jihar Maraɗi, ɗaya daga jihohin da suka fi cika a ƙasarmu, mutum miliyan 3 da dubu 400 aka ƙidaya mata a 2012. A cikin irin wannan cunkoso babu mai tambayar ɗan wane ne kai. Ɗan sanda da ma'aikacin asibiti da mai otel duk abu ɗaya suke nema, wato takarda, kuma abin da ke rubuce a kanta shi ne shaidarka.

Saboda haka a fara da takardu. Bayan fasfo, sai biza wadda ta dace da dalilin tafiyar, domin Indiya ta bambanta bizar yawon buɗe ido da ta kasuwanci da ta karatu da ta jinya. Majinyaci yana buƙatar wasiƙar gayyata daga asibitin da zai karɓe shi, kuma ana ba masu rakiya har mutum biyu biza tasu ta daban. Wanda aka ba bizar jinya ko ta karatu mai wa'adin da ya wuce kwana 180, doka ta ɗora masa yin rajista a ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da isarsa. Duk wanda ya bari wa'adinsa ya ƙare, ba zai fita ƙasar ba sai da izini na musamman, ga tara, wani lokaci har da ɗauri. Sai katin rigakafin cutar shawara: Nijar tana cikin ƙasashen da Indiya ke tilasta wa mutanensu nuna shi, allurar ba ta ƙirguwa sai ta kwana 10, kuma wanda ya sauka babu katin ana iya killace shi har kwana 6. A tuna da halin da mai ciwon ƙoda zai shiga in aka tsare shi kwana shida a filin jirgi. Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar mutanen karkara. Dattawa da yawa takardar haihuwarsu ta alƙali ce, shekara kawai aka ƙiyasta babu rana babu wata, kuma ana iya samun mutum ɗaya an rubuta shi Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mamadou a takardar likita, Mohamed a tikitin jirgi. A wurinmu duk sunan mutum ɗaya ne. A wurin ma'aikacin da ke duba kwamfuta a Mumbai mutum uku ne. A baje takardun duka a kan tabarma, a gwada su harafi da harafi da abin da ke cikin fasfo, a gyara wanda ya saɓa tun ana gida.

Wani zai ce ai mu Hausawa mun san Indiya, mun tashi da kallon finafinansu, har wasu cikinmu suna tsintar yaren. Amsa ita ce fim bai nuna layin asibiti ba, kuma yaren fim ɗin, wato Hindi, ɗaya ne cikin harsuna 22 da tsarin mulkin ƙasar ya lissafa. Wanda ya sauka Cennai, ɗaya daga manyan biranen jinya, Tamil zai tarar ana yi. A Haidarabad, Telugu da Urdu. Harshen likitoci da ofisoshi Ingilishi ne, Faransancin da yaranmu suka koya a lakwal ba zai yi musu rana sosai ba. Don haka duk sakamakon gwaji da bayanin likita da aka rubuta da Faransanci a Maraɗi, a fassara shi zuwa Ingilishi kafin a tashi, a haɗa da hotunan da aka ɗauka da sunayen magungunan da ake sha. Mai rakiya kuma a zaɓe shi saboda iya karatu da natsuwa da juriya, ko da akwai wanda ya girme shi a gida. Kafin a yi aiki ana miƙo takardar amincewa a sa hannu, kuma bai kamata mutum ya sa hannu kan abin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

Batun jinya ya fi kowane nauyi, domin a nan ake asarar dukiya da rai tare. Matakin farko shi ne a tabbatar tafiyar ta zama dole. A bi ta asibitin gunduma zuwa babban asibitin Maraɗi, daga nan zuwa Yamai, a ji ta bakin likitan da ya ƙware a ciwon. Wasu ayyukan ana yin su kusa da mu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, alal misali, yana dashen ƙoda tun 2002. Wani ciwon kuma ya kai inda canjin ƙasa ba zai canza komai ba sai ƙarin wahala, kuma likita mai tsoron Allah zai faɗi haka. In tafiya ta tabbata, a aika takardun majinyaci ta intanet zuwa asibiti biyu ko uku, a nemi kowanne ya rubuto aikin da zai yi da kuɗin da zai ci da kwanakin da za a ɗauka. Masu neman dashen ƙoda su sani cewa tun 1994 dokar Indiya ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam. Baƙo da mai ba shi ƙoda daga danginsa yake zuwa, sai ofishin jakadancin ƙasarsu ya shaida dangantakar, sannan wani kwamiti ya zauna ya bincika kafin ya amince. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi kawai za a samo ƙoda a can, hanyar kurkuku yake nuna maka.

A nan ne ake kawo wani uzuri, cewa akwai dillalai da suka san hanya, su za su ɗauke wa mutum duk wannan wahala. Gaskiya ne akwai masu amana a cikinsu, kuma tafinta nagari rahama ne ga baƙo. Sai dai a lura da inda ladan dillali yake fitowa. Sau da yawa kaso yake samu daga kuɗin da majinyaci ya biya, saboda haka asibitin da ya fi ba shi, can zai fi son kai ka, ko da ba shi ne ya fi dacewa da ciwonka ba. Maganin wannan shi ne a yi aiki da dillali bisa sharuɗɗa uku: kuɗin jinya a hannun asibiti ake zuba su a karɓi rasit mai hatimi, fasfo ba ya kwana a hannun kowa sai mai shi, kuma iyali su mallaki lambar wayar asibitin da sunan likitan da kansu. Dillalin kirki ba zai ƙi waɗannan ba. Wanda ya ɓata rai saboda su, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne.

Game da guzuri, sefa ba ta canzuwa a kasuwannin Indiya, sai an riƙe dala ko yuro, sannan a canza zuwa rupi a banki ko wurin canji mai lasisi. Wanda ya shiga da tsabar kuɗin waje da suka haura dala 5,000 dole ya bayyana su ga jami'an kwastan. Kada a sayi rupi a hannun mutane a gida, domin gwamnatin Indiya ta soke tsofaffin takardun 500 da 1,000 a Nuwamban 2016, kuma a 2023 ta fara janye na 2,000. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafin kuɗin aiki da na jirgi kaɗai. Bayan an sallami majinyaci, likita kan ce ya zauna kusa na wasu makonni ana duba shi, ga hayar ɗaki, ga abinci, ga maganin da za a koma da shi gida, wanda mai dashen ƙoda zai sha har ƙarshen rayuwarsa. Sannan a kiyaye da al'adarmu ta karɓar saƙo. A tashar Gidan Runji, ƙin karɓar ƙullin maƙwabci rashin mutunci ne, amma a filin jirgin Delhi duk abin da aka samu a jakarka naka ne. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985 tana da tsanani ƙwarai, kuma tun 2018 aka sa tiramol a ƙarƙashinta. Kada ka ɗauki ƙullin da ba ka kwance ka gani ba, ko da na wa ne, a tafiya ko a dawowa.

Sauran abubuwan kiyayewa na yau da gobe ne. Babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Indiya, sai an yada zango a wurare irin su Adis Ababa ko Istambul, kuma agogon can yana gaba da namu da awa huɗu da rabi. Motoci ta hagu suke bi, saɓanin namu, don haka mai tsallaka titi dama zai fara dubawa. Haɗarin hanya ya kashe mutum fiye da 168,000 a can a 2022 kaɗai. A filin jirgi a ɗauki tasi daga rumfar da ake biya tun farko a karɓi takarda, a bar masu tare mutum a ƙofa. Ruwan gora mai hatimi ko tafasasshe za a sha. Zafin Afrilu zuwa Yuni bai fi ƙarfin mutumin Maraɗi ba, amma sanyin Delhi na Disamba da Janairu ya fi hunturunmu, kuma hayaƙin da ke rufe birnin daga Nuwamba yana wahalar da masu ciwon ƙirji. Musulmi ba zai rasa masallaci da abincin halal ba, domin ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172. Amma mabiya addinin Hindu suna girmama saniya, jihohi da yawa sun hana yanka ta, don haka kada a yi guzurin kilishi, kada kuma a tsoma baki cikin gardamar addini ko siyasa. An taɓa kai wa ɗaliban Afirka hari a Greater Noida a 2017, abin da ke nuna hikimar guje wa yawon dare da sanar da ofishin jakadancin Nijar inda aka sauka. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Saura uzuri biyu. Na farko, a ce duk wannan lissafi ƙarancin tawakkali ne, tunda rai da lafiya a hannun Allah suke. Malamanmu sun daɗe da warware wannan: riƙo da sababi yana cikin tawakkali, kuma manomin da ya dogara ga Allah shi ne ya fi kowa sammakon shuka in ruwa ya sauka. Na biyu, a ce wannan nasiha ta attajirai ce, talakan Saye Sabuwa ko Cadakori ina shi ina Indiya. Amma attajiri in tafiya ta ɓaci yana da abin sake wata. Wanda ke cikin haɗari shi ne gidan da aka yi karo-karo, aka sayar da shanun huɗa da buhunan aya da wake, aka jinginar da gona a yankin da ƙasar noma ta riga ta yi wa jama'a kaɗan. Irin wannan gida harbi ɗaya gare shi, kuma in ya kuskure, magada ne za su biya shekara da shekaru.

Saboda haka nauyin ya wuce kan matafiyi shi kaɗai. Hakimai da magadan gari da limamai da gidajen rediyon karkara su riƙa bayyana waɗannan ƙa'idoji, ma'aikatan lafiya kuma su taimaka wa iyalai wajen tsara takardu. Duk ranar da dangi suka zauna shawarar fitar da majinyaci ko ɗalibi, kafin a sa wa gona kuɗi a nemi amsar tambaya uku a rubuce: wane likita ko wace makaranta ce ta ce a zo, nawa ne kuɗin tun daga tafiya har dawowa, kuma wa zai yi magana a madadinmu da harshen da ake ji a can. In an rasa amsar ko da ɗaya ce, a dakata har a same ta.