HAƘORIN DA YA ƁATA HANYA

Yaro yana da haƙoran nono 20. Babba yana da 32. Famfara tana farawa wajen shekara 6. Fiƙar sama kuwa ba ta sauri, sai yaro ya kai shekara 11 ko 12. Wani lokaci kafin ta iso, ƴan uwanta sun cika wuri. Sai ta ɓullo can sama, ƙarƙashin leɓe, ta bar layi.

A Bune da ƙauyukanta, in uwa ta ga haka sai hankalinta ya tashi. Ƴan lakwal suna yi wa yaro dariya. Wani ya ce a cire haƙorin. Wani ya ce a kira wanzami ya tsaga wurin. Duka biyu kuskure ne. Fiƙar nan ba ta nono ba ce, in an cire ta ba wata mai fitowa.

Naman baki iri biyu ne. Akwai dasashi mai tauri, wanda ya kama wuyan haƙori tam, ya manne da ƙashi. Sama da shi akwai wata fata ja, mai laushi, mai motsi in an ja leɓe. Fiƙar da ta ɓata hanya cikin fatar nan mai laushi take fitowa. Ba ta da dasashin kirki mai riƙe wuyanta.

Manomin ƙasar Gure ya san aikin iska. In ta kwashe rairayi daga gindin icce, saiwa tana fitowa fili. Haka haƙori yake. In naman wuyansa ya janye, saiwarsa tana fitowa. Ruwan sanyi ya dame shi, dauɗa ta samu wurin zama. Kuma dasashin da ya janye ba ya komowa da kansa.

Likitan haƙori yana iya maido fiƙa cikin layi. Yana manna mata ɗan ƙarfe, ya ɗaura waya, ya riƙa jan ta kaɗan-kaɗan. Aikin yakan ci shekara 1 zuwa 2. Amma kafin waya, sai ya duba dasashi tukuna. In bai isa ba, sai a yi ɗan ƙaramin aiki. A yi allurar kashe zafi a wurin, yaro yana farke. Likita ya ɗaga dasashi mai tauri na kusa, bai yanke shi ya yar ba, ya ɗinke shi a wuyan fiƙar. In babu na kusa, ya ɗebo ɗan ƙyalle daga ganɗa ya dasa. Bayan sati 1 ko 2 a cire zare. Sa'an nan in haƙori ya sauko, da dasashinsa yake saukowa. Askar wanzami kuwa yanka kawai ta sani, ba ta ɗinki.

Aikin waya yana da tsada, kuma sai a babban birni kamar Yamai. Ba kowane talaka ke da halinsa ba. Amma haƙorin da ya karkace ba ciwo ba ne, yana iya jira har Allah ya hore. Kafin nan a bar shi wurinsa. A riƙa goge shi da asuwaki mai laushi, safe da dare, ban da dirza. A nuna shi a gidan likita na Gure, su za su ce ko sai an je Damagaram.

Akwai dai ciwon dasashi guda wanda ba ya jira. In dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 yana jini, baki yana wari, kunci ya kumbura, wataƙila noma ce. Ba noman gona ba, cuta ce mai cin fuska cikin ƴan kwanaki. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles take kula da irin yaran nan a Damagaram. In an yi sauri, magani yana tsai da ita. Yaro mai wannan alama ran nan ake kai shi likita, ko da ran kasuwa ne.