Shawara Ga Mai Karɓar Maganin Sankarar Gidan Ƙwai

'Yar'uwa, idan daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa kike zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a yi miki ƙarin ruwan maganin sankara, ki tafi da mai rakiya. Cikin magungunan, paclitaxel kan iya tayar da jiki cikin mintunan farko, carboplatin kuwa galibi sai an daɗe ana karɓa. Da kin ji ƙaiƙayi, zafin fuska, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, ki kira nas nan take, ban da kawaici.

A gida, ki ci abinci kaɗan-kaɗan, ki yawaita shan ruwa. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38, ki garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Gashin da ya zube galibi yakan sake fitowa. Allah ya ba ki lafiya.