Borin Jini a Jikin Yara: Alamominsa da Yadda Ake Gwaji

Uwargida, wani yaron da zarar ya ci ƙwai ko ya sha kunun gyaɗa sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Wannan shi ne borin jini, wanda a asibiti muke kira alaji. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, sai ta yaƙe shi.

Abubuwan da suka fi tayar da shi

Madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, waken suya, alkama da riɗi. Akwai kuma ƙura, kyankyasai, gashin kyanwa, harbin zuma da magunguna irin su penisilin.

Alamomi

Yawanci sukan bayyana cikin mintoci kaɗan zuwa awa 2 bayan cin abincin: ƙaiƙayi, ƙuraje masu tashi kamar cizon sauro, kumburin leɓe ko ido, amai da gudawa.

Idan kuwa harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi yana sarƙewa, ko jikin yaro ya saki, to a garzaya da shi asibiti nan take. Allurar adirenalin ce ke ceton rai a wannan hali. Kada a tsaya jiƙo ko ɗura masa manja.

Yadda ake gwaji

Likita zai fara da tambayoyi, don haka ki riƙa lura da abin da yaro ya ci da lokacin da alamar ta fito. A gwajin fata, ana ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu ko baya, a ɗan tsikari wurin, a duba bayan minti 15. Ki faɗa wa likita idan yaron yana shan Piriton, domin yana ɓoye sakamako. Akwai kuma gwajin jini. Wani lokaci akan ba yaron abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita. Kada ki gwada wannan a gida.

Shawara

Mai juna biyu ba ta buƙatar ƙaurace wa gyaɗa ko ƙwai don kare jaririnta. Ki ba shi nono zalla wata 6, sannan ki fara ba shi dafaffen ƙwai da kunun gyaɗa mai laushi, domin jinkirta su ba ya hana borin jini. Idan yana da ƙurajen fata masu tsanani, fara ganin likita tukuna. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 5 gyaɗa tsaba, tana iya shaƙe shi.

Yara da yawa sukan rabu da borin madara da na ƙwai idan sun girma. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za a haifa.