Darasi a Kan Soyayyar Shinkafa da Ƙwai Irin ta Mutanen Sin

Kowace al'umma tana da dabararta ta sarrafa abincin da ya kwana, domin kada a zubar da shi. Mu nan ɗumame mu ka sani. Su kuwa mutanen ƙasar Sin, da ya ke shinkafa ce babbar cimarsu, musamman na kudancin ƙasar, sai su ka gano hanyar soya wadda ta rage tare da ƙwai, har ta koma wani abinci dabam. Nufina a nan in bayyana wa 'yan'uwana yadda a ke yinta, da dalilin kowace ƙa'ida, da kuma haɗarin da ke cikinta in an yi sakaci, gama malamin da ya san dalilin abu ya fi iya koyar da shi.

Asalinta

Masana sun nuna cewa a kwarin kogin Yangtsi na ƙasar Sin a ka fara noman shinkafa irin ta Asiya, shekaru dubbai da su ka wuce. Birnin da ya fi suna wajen soya ta shi ne Yangzhou, a cikin lardin Jiyangsu. Maƙwabta kuma kowa ya na da irin tasa: mutanen Indunusiya su na kiran tasu nasi goreng, na Japan kuwa chahan. Su kan soya ta cikin wani kasko na ƙarfe mai zurfi, mai zagayayyen gindi, sunansa wok, a kan wuta mai ƙarfi ƙwarai.

Don me a ka fi son wadda ta kwana?

Ƙwayar shinkafa yawancinta sitaci ne. In an dafa ta, sai sitacin ya sha ruwa ya kumbura, ya yi laushi da danƙo. In kuwa ta huce ta daɗe cikin sanyi, sitacin ya kan sake haɗuwa ya yi tauri, bayan ƙwayar kuma ya bushe. Saboda haka in ta shiga mai sai ta warware, kowace ƙwaya ta soyu ita kaɗai. Amma wadda a ka sauke yanzu, tana tururi, in an zuba ta cikin kasko sai ta cakuɗe ta nufi zama tuwo. Wanda ba shi da ta jiya, sai ya dafa sabuwa da ƙarancin ruwa, ya baza a faranti ta sha iska tukuna.

Kayan da a ke bukata don mutum 2

Dafaffiyar shinkafa mai sanyi, kofi 3. Ƙwan kaza 2. Man gyaɗa, babban cokali 2. Lawashi kaɗan, watau ganyen albasa. Gishiri daidai ɗanɗano. Sai kuma wani baƙin romo na waken suya da mutanen Sin ke yi, babban cokali 1. Shi romon nan da wake da alkama da gishiri a ke tsima shi, aikinsa cikin girkinsu kusan irin na daddawa ne cikin miyarmu. In ba a same shi ba, gishiri ya wadatar.

Yadda a ke yi

1. A shirya kome tun kafin a ɗora kasko, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A yanka lawashi, a fasa ƙwai a kaɗa da ɗan gishiri, a jiƙa hannu mai tsabta a murje curin shinkafar har ta warware.

2. A ɗora kasko ya yi zafi sosai, sa'an nan a zuba rabin man. Ƙarfe mai zafi ba ya kama abinci kamar mai ɗumi-ɗumi.

3. A zuba ƙwai a juya da sauri. Da ya fara daskarewa, tun da sauran laushinsa, sai a kwashe a ajiye gefe. In ya daɗe a wuta sai ya yi tauri.

4. A ƙara sauran man, a zuba shinkafa, a riƙa juyawa ana dannawa da bayan cokali kamar minti 3 ko 4, har ta yi zafi ko'ina tana tururi. Kada a cika kasko, don in ta yi yawa zafin ƙarfen zai faɗi, ta koma turarawa maimakon soyuwa. In masu ci da yawa ne, a soya kashi-kashi.

5. A zuba romon ta gefen kasko, a mayar da ƙwan, a farfasa shi cikin shinkafar, a watsa lawashi, a juya kamar sau 10, a sauke. A ci da zafinta.

Duk aikin nan bai fi minti 10 ba.

Haɗarin da ke ciki

To, a nan ne na ke so a tsaya a natsu. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, ba a ganinta sai da madubin likita, masana na kiranta Bacillus cereus. Wani Bature, Percy Frankland, da matarsa Grace su ne su ka fara bayyana ta a Ingila cikin 1887. Ta kan biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona, tana ƙunshe cikin wani kwanso mai tauri wanda tafasa ba ta kashe shi. In an sauke tukunya a ka bar ta a rufe cikin ɗumin ɗaki, sai ƙwayoyin nan su farka su hayayyafa, su zuba guba cikin shinkafar. Abin tsoro kuwa shi ne, gubar nan ba ta mutuwa da zafin wuta. Ko an soya, ko an ɗumama, tana nan, ba kuwa lalle ta nuna kanta da wari ko tsami ba. Wanda ya ci, ya kan kama amai bayan awa 1 zuwa 5. A Ingila cikin 1971 likitoci su ka gane irin wannan ciwo a jikin waɗansu mutane da su ka ci soyayyar shinkafa a gidajen sayar da abinci. Yawanci a kan warke cikin kwana ɗaya, amma ga ƙaramin yaro ko tsoho ko maras lafiya abin ya kan tsananta.

Rigakafi ya fi magani. Shinkafar da za a ajiye, a baza ta a faranti ta huce da wuri, a sa ta cikin firji kafin awa 1 ta cika, sanyinsa kuwa kada ya haura digiri 5. A yi amfani da ita kashegari, kada kuma a maimaita ɗumamawa. Ƙa'idar nan ta fi ƙarfi a ƙasa mai zafi, domin ɗumi shi ke sa ƙwayoyin saurin yaɗuwa. Inda babu firji, ko wutar lantarki ta ɗauke dare farai, to, shinkafar da ta kwana a tukunya ba ta soyawa ba ce. A can sai a bi hanyar da na faɗa tun farko, a dafa sabuwa a baza ta sha iska, a soya nan take. Asarar kwano guda ta fi sauƙi bisa ga kwanciyar yaro asibiti.

Ga waɗanda za su koyar

Wanda zai kai darasin nan aji, ya kyautu ya zo da shinkafa iri biyu, mai zafi da mai sanyi, ya soya su gaban yara su ga bambancin da idonsu. Bayan wannan ya tambaye su: Me ya sa mai sanyi ta warware? Don me a ke kwashe ƙwai da wuri? Ina dalilin da ya sa ɗumamawa ba ta kawar da guba? Yaron da ya amsa ta ukun daidai, ya samu abin da zai kai wa mutanen gidansu. Allah ya sa mu amfana. Haza wasalam.