DARASI: HUKUNCIN SAYEN MAKO ƊAYA A MASAUKIN BAKIN TEKU

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan wani nau'in ciniki ne da ya fara shigo wa mutanenmu masu fita waje. Ni kaina ban san shi da kyau ba sai da na kwana bakwai a cikinsa.

Bara na raka wani yayana asibiti a Alƙahira. Bayan an yi masa aiki, likita ya ce ya huta kwana goma sannan ya dawo a duba shi. Kuɗin masauki ya fara cin mu. Ana cikin haka sai wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin Shagari, wanda yakan tsaya karatunmu a Bodinga in ya fito daga Sakkwato, ya kira ni ya ce: "Allah gafarta Malam, ina da mako guda a wani masauki bakin teku can Ainus Sukhna. Shekara ukku ban tahi ba. Ku tahi ku zauna, kyauta na." Na ce, Alhaji, ɗaki gare ka ko mako? Ya ce mako. A nan karatu ya fara.

Ainus Sukhna tana gaɓar Bahar Maliya, ta ɓangaren Suwais, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga Alƙahira. Mutumin da ya tashi Bodinga, babban ruwan da ya saba gani shi ne gulbi da madatsar ruwa ta Shagari, in ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, ga manyan jirage jere suna jiran shiga mashigin Suwais, wallahi sai ya ji tasbihi ya zo bakinsa da kansa. Allah Ya ambata a Suratun Nahl, aya ta 14, cewa Shi ne Ya hore mana teku, muna cin ɗanyen nama daga cikinsa, jirage suna keta shi. Na sha karantar da ayar, amma ranar na gan ta da ido.

Da muka dawo gida na je yi wa Alhaji godiya, sai ya jawo wata jakar takardu ya ce: "Malam, wanga ciniki da niy yi halas na ko haram na? Kuma in nim mutu, ɗiyana mi za su gada, dukiya ko bashi?" Wannan tambaya ce ta haifar da darasin nan, kuma da izininsa nake ba da labarin.

MENE NE WANNAN CINIKI?

Turawa suna ce masa tayim-shiya, malaman fiƙihu na zamani suna ce masa attamalluk azzamani, wato mallakar lokaci. Ya fara ne a Turai a shekarun 1960. Shekara mako 52 ce. Kamfani zai gina masauki, ya ɗauki ɗaki ɗaya ya sayar wa mutum kusan hamsin, kowa da makonsa. Ka biya kuɗi mai kauri sau ɗaya, sannan kowace shekara ka biya kuɗin kula da gini, ko ka je ko ba ka je ba. Ku riƙe wannan jumla ta ƙarshe, a nan ƙayar take.

Shi Alhaji a wani babban kanti aka tare shi a Alƙahira, aka ce ya ci kyauta, ya zo ya karɓa. Aka zaunar da shi awa uku, ga shayi ga hotuna, ana ce masa rangwamen na yau ne kaɗai. Bai tashi ba sai da ya ajiye kafin alƙalami ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

MAS'ALA TA FARKO: ASALIN HUKUNCI

Karɓa-karɓa a amfani da abin da aka yi tarayya a kansa ba sabon abu ba ne. A fiƙihu sunansa muhaya'a, yana cikin babin rabo. Malamai suna kafa hujja da taguwar Annabi Salihu (AS) a Suratush Shu'ara, aya ta 155, inda aka raba ruwa, rana ɗaya tata, rana ɗaya ta mutanen gari. Haka a tafiyar Badar, Sahabbai fiye da 300 da raƙuma kusan 70, mutum uku suna karɓa-karɓar raƙumi ɗaya, har da Manzon Allah (SAW).

Mu ma nan muna yi. Manoma biyu a fadama su haɗa kuɗi su sayi injin ban ruwa, kwana biyu naka, kwana biyu nawa. Ko shanun huɗa da damina. Malamanmu na Malikiyya sun halatta haka da sharaɗin a ƙayyade lokacin kowa.

Sai dai akwai wata gaɓa da mutane da yawa ba su sani ba. A mazhabarmu karɓa-karɓar amfani ce ta halatta, ban da karɓa-karɓar kuɗin da abin yake kawowa. Mutum biyu masu injin niƙa ɗaya ba za su ce cinikin yau naka, na gobe nawa ba, domin yau tana iya zama ranar kasuwa, gobe kuwa ba kowa. Sai a tara a raba gwargwadon hannun jarin kowa. Masu Keke da mota ta haɗin gwiwa, ku lura.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan ciniki a taronta na 18 a Putrajaya, Malesiya, a shekarar 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 170. A taƙaice ta kasa shi biyu: ko dai ka sayi wani kaso na ginin kansa, ko ka yi hayar amfaninsa na wasu shekaru. Duka biyun sun halatta in sharuɗɗan ciniki ko na haya sun cika. Ana iya sayar da kason, a kyautar, a gada, kuma masu makonni suna iya musanya tsakaninsu. Ta kuma ce in haya ce, manyan gyare-gyaren da ginin ba ya amfanuwa sai da su suna kan mai gini, ɗan haya ana iya ɗora masa na yau da kullum kawai. In kuwa saye ne, mai kaso shi ke ɗaukar nauyin kasonsa. Ko a Makka an yi irin wannan tsari a hasumiyar Zamzam da ke gaban Harami, inda aka sayar da haƙƙin zama na wasu kwanaki a shekara har tsawon shekara 24.

To, asali dai halas ne. Amma halascin asali bai wanke kowace takarda ba.

MAS'ALA TA BIYU: ABUBUWAN DA KE ƁATA SHI

1. Garari, wato rashin sanin abin da ka saya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. In ba ka san wane ɗaki ba ko siffarsa, ba ka san wane mako ba ko hanyar da ake tsayar da shi, ba ka san shekara nawa ba, cinikin yana da matsala.

2. Kuɗin shekara marar iyaka. A takardar Alhaji an rubuta cewa kamfani yana da ikon ƙara kuɗin kula da gini yadda ya ga dama. In haya ce, wannan ya mayar da kuɗin hayar abin da ba a sani ba. Dole a faɗi adadi, ko a faɗi sananniyar ƙa'idar da za a bi wajen ƙari.

3. Riba. Biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yanke tun farko ba laifi. Amma in an ce wanda ya makara za a ƙara masa kaza bisa ɗari, wannan kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka kira shi.

4. Yaudara. Kyautar ƙarya da "yau kaɗai" hanyoyi ne na hana mutum tunani. Ko Tarayyar Turai, a dokar da ta yi a 2008, ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba. Shari'armu ta riga su: akwai zaɓin sharaɗi, kuma malamanmu sun ba da kimanin wata ɗaya a cinikin gida. Amma ku sani, a Malikiyya da an yi "na sayar, na saya" ciniki ya ƙullu, ko ba a tashi daga majalisin ba. Don haka sai ka sharɗanta zaɓin, a rubuta.

MAS'ALA TA UKU: ZAMAN KANSA

Hutu ba haramun ba ne. A hadisin Hanzala (RA) da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa akwai lokacin zikiri, akwai lokacin iyali da harkokin rayuwa. Amma ga abin da na gani, kuma na ga ya kamata a sani:

Sallah: wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi. Mai mako guda zai cika sallarsa tun ranar da ya sauka, ba kasaru, kuma in akwai masallacin Juma'a kusa sai ya halarta. Ka tambayi alƙibla. Mu a gida gabas muke fuskanta, can kuwa kudu maso gabas ce, kuma yayana sai da ya yi gardama da ni a kan haka.

Ruwan teku: yayana ya ɗanɗana ya tofar, ya ce wanga ruwa na gishiri a yi alwala da shi? Na ce ƙwarai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an tambayi Annabi (SAW), ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halas ne.

Ido: nan ne jarrabawa. Da hantsi bakin ruwan yakan cika da shigar da bai halatta ka kalla ba. Mu sai muka mayar da fitarmu bayan Asuba zuwa fitowar rana. Kafin ka kai iyalinka, ka bincika: ana sayar da giya? Akwai keɓantaccen wuri ko lokaci na mata? In wurin ba ya zaunuwa sai da saɓo, to ka sayi makon da ba za ka iya amfani da shi ba.

MAS'ALA TA HUƊU: ZAKKA DA GADO

Wanda ya saya don ya riƙa zuwa, babu zakka a kai, kamar gidan zama ne. Wanda ya saya don ya sayar ya ci riba, ya shiga babin kayan kasuwanci, sai ya zauna da malami a duba halinsa.

Gado kuwa, kason yana shiga cikin abin da mamaci ya bari. Kuɗin shekarun da suka taru bai biya ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka gabatar da bashi da wasiyya. Ku duba lissafi. A ƙaddara kuɗin shekara dala 300 ne. A farkon 2023, a farashin gwamnati na kusan naira 460, naira 138,000 ke nan. Da dala ta kai naira 1,500 a 2024, ya koma naira 450,000, ban da biza da kuɗin jirgi. Buhun gero nawa ke nan, a kan ɗakin da ba ka kwana ciki ba?

Na ce wa Alhaji abu uku. Ya biya abin da ya tabbata a kansa na asali, ya nemi a yafe ƙarin makara. Ya nemi lauya a can a duba hanyar sayarwa ko mayar wa kamfani, ko da da hasara. Kuma tun yau ya tara manyan 'ya'yansa ya nuna musu takardun, kada su fara jin labari ranar sadakar uku. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, uwargida ma ba ta sani ba." Na ce to da ita za ka fara. Har yanzu bai samu mai saye ba, ku sa shi a addu'a.

Ɗan uwa, in Allah Ya hore maka, ka je ka ga teku, ka kama masauki na kwanakin da kake so, ka biya ka taho, ba ka ɗaure kanka da magadanka ba. In bai hore ba, ka ɗauki yara ku je Sifawa su ga inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ku wuce ku gaida dangi. Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa ba sa ɓarna wajen ciyarwa kuma ba sa ƙwauro. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wane ne ya miƙo maka alƙalami.

Wanda yake da irin wannan takarda ya kai wa malamin da ya san babin ciniki, domin hukunci yana bin abin da aka rubuta a cikinta.

Wallahu a'alam. Allah Ya tsare mu daga bashin da ba mu shirya masa ba, Ya sa albarka a abin da Ya ba mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.