Kari da Amsa-amo a Waƙoƙin Kiristanci na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun daɗe suna auna rubutattun waƙoƙin Hausa da ma'aunin aruli, musamman tun bayan maƙalar M.K.M. Galadanci ta 1975. Amma waƙoƙin da Kiristoci suke rerawa da Hausa a majami'u, daga Wusasa ta Zariya har zuwa Ƙauran Namoda, ba su cika hawa wannan ma'auni ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hakan bai sa sun zama karyayyu ba. Wani ma'auni ne daban ke gare su.

2.0 Kari

Aruli nauyin gaɓa yake dubawa. Misali, ƙafar Mutaƙarab gaɓa marar nauyi ce, sai masu nauyi biyu. Su kuwa waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, da yawansu 'yan mishan ne suka fassaro su daga Turanci tare da launin muryarsu na asali. A tsarin mawaƙan Ingila irin su Isaac Watts (1674-1748) da Charles Wesley (1707-1788), yawan gaɓoɓin ɗango ake ƙirgawa, kamar 8.6.8.6. Don haka abin da ya wajaba a kan mai fassara shi ne cika adadin gaɓa.

A nan matsala take. Idan rerawa ta ja gaɓar farko ta "gari" na zama, sai ya koma "gari" na tuwo. Haka kuma idan ta saɓa wa karin sauti, "kuka" na hawaye ya rikiɗe ya zama "kuka" ta miya.

3.0 Amsa-amo da Tsari

Rubutacciyar waƙa takan riƙe babban amsa-amo guda daga farko har ƙarshe. Waƙar Turanci kuwa takan sauya shi a kowane baiti, kuma sau da yawa yakan salwanta wajen fassara. Abin da ke ɗaure baitoci sai ya zama amshi.

Waƙoƙin Zumuntar Mata sun bi wata hanyar. Da Hausa aka tsara su, da jagora da 'yan amshi, ga kiɗan tulu da caki. Wannan tsarin waƙar baka ne, shi ya sa lafazi ya fi zama daidai a cikinsu.

4.0 Kammalawa

Ke nan gida biyu ne: na fassara a auna shi da ƙirgen gaɓa, na Zumunta kuwa da kiɗa da amshi. Ya kamata ɗalibai su ɗauko su a bakin masu rerawa, domin a takarda kaɗai karinsu ba ya fitowa.