Auta da tsohuwar bashe

Garin Filinge yana cikin jihar Tillaberi, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai. Yana zaune cikin Dallol Boso, wato kwarin wani tsohon gulbi da ya ƙafe tun zamanin da. Hanyar ƙasa mai lamba 25 ita ce take haɗa shi da Yamai. Tana bi ta Baleyara da Bonkuku.

Yau motocin Toyota da babura ne suka cika wannan hanya. Amma ku tambayi kakanninku, za su ba ku labarin wata mota da ta riga su, ana ce mata bashe. Sunan ya fito daga Faransanci, ma'anarsa mota mai rufin tamfol. A Najeriya irinta ake kira akori-kura. Direbobi kuwa lambarta suke faɗi da Faransanci, kat-san-kat, wato 404.

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya ƙera 404. Ta fara fitowa a 1960, mai ɗaukar kayan kuma a 1967. An daina yin ƙaramar a Faransa a 1975, amma a ƙasar Kenya an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. A can gabashin Afirka ta ci babbar tseren motoci ta Safari har sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Bashe tana ɗaukar kaya wajen tan ɗaya. Direbobinmu ba su cika tsayawa nan ba: buhunan hatsi a ƙasa, mutane bisa buhuna, awaki a tsakani, kaji a rataye.

Abin da ya sa aka so ta shi ne sauƙin gyara. Babu kwamfuta a jikinta. Wanda ya san aikinsa yana iya kwance injinta a gindin itace, ya mayar.

Motar kaka

A wani gida na Filinge akwai irin wannan mota, jingine da katangar baya. Ta kakan gidan ce. Da ita ya yi jigilar hatsi zuwa ƙauyuka a shekarar yunwa ta 1984. Bayan rasuwarsa ta tsaya, ta fi shekara 20 ba ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai a mazaunin direba.

Maigidan manomi ne. Ƴaƴansa maza uku. Manyan biyu sun bar lakkwal, sun tafi bida ƙasashen waje. Ƙaramin ne kaɗai ya rage, kowa yana kiransa Auta. Shekararsa 15, yana aji na uku na kwaleji.

Wata rana masu sayen tsohon ƙarfe suka zo, suka taya motar. Maigida ya ce su dawo ranar kasuwa. Damina ba ta yi kyau ba, rumbu bai cika ba, kuɗin zai sayi hatsin da zai kai gidan zuwa shuka.

Da dare Auta ya zo ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar ubansa.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ka."

"Kada a sayar da motar kaka. Ni zan gyara ta."

Maigida ya yi shiru. Can ya ce: "Da me?"

"Da hannuna, Baba."

"Je ka kwanta. Na ji."

Maigida bai yi barci da wuri ba. Ya san idan ya ce a'a, maganar ta ƙare a baki, amma ba ta ƙare a zuciya ba. Haka ya yi da manyan, ya hana su abin da suke so ba tare da ya saurare su ba, suka wayi gari suka hau mota. Idan kuma ya ce to, yana tsoron abu biyu: yaron ya bar karatu ya zama karen mota, kuma tsohuwar mota ta cinye abin da ke cikin rumbu. Tsohuwar mota ba ta ƙoshi da kuɗi.

Inna ta ce: "Malam, tun da Yaya makanike ne, a kira shi ya duba. In ta mutu, ya faɗa wa yaron da bakinsa. In da sauranta, sai ku san abin yi."

Kawu ya duba

Kawun Auta tsohon makanike ne, garajinsa yana kusa da tasha. Bai fara da inji ba. Ya sa aka share rairayi, ya kwanta ƙasa, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙashin motar da guduma. Ƙashin mota shi ne dogayen ƙarafan da komai yake zaune bisansu. Idan tsatsa ta cinye su, babu sauran magana. Amma ƙasar Kurfai busasshiya ce, ruwan sama kaɗan ne, tsatsa ba ta da ƙarfi kamar a bakin teku. Ƙarfen ya yi ƙara mai kyau.

Sannan ya buɗe gaba. Injin 404 yana kishingiɗe gefe guda, ba a miƙe yake ba. Kawu ya sa kile ya gwada juya shi. Ya ƙi.

"Ya kame," in ji shi. "Amma bai fashe ba. Duk abin da yake na roba ya mutu: tayoyi, bututun ruwa, robobin birki. Batir babu. Ƙarfen dai yana nan."

Maigida ya ce: "Malam, ka faɗa mini gaskiya, nawa za ta ci?"

Kawu ya ce: "Ba ni zan faɗa ba. Mai mota ya ɗauko kaye da alƙalami."

Kwana uku Auta yana bin kawunsa yana rubuta sunan kowane abu da kuɗinsa. Da ya haɗa lissafin, sai jikinsa ya yi sanyi. Kuɗin ya ninka abin da masu sayen ƙarfe suka taya sau da yawa. Ya kai wa ubansa kayen, kansa a sunkuye.

Maigida ya sa ya karanta masa layi layi. Da ya gama, ya ce:

"Ba zan sayar ba bana. Zan sayar da rago maimakonta. Amma ka ji da kyau, Auta. Ko dala ɗaya ba za ta fita daga rumbun nan ta shiga mota ba. Abin da ka samu da guminka, shi za ka sa. Ranar lakkwal ba ta mota ba ce. In malaminka ya ce ka ja baya, zan rufe ta. Kuma ba za ka taɓa komai ba sai kawunka yana tsaye."

"Na yarda, Baba."

Maƙwabta suka yi ta magana. Wasu suka ce ɗan auta ne, an sangarta shi. Ba su lura ba cewa uban bai ba shi mota ba, nauyi ya ɗora masa.

Abin da ke cikin inji

Injin bashe mai shan isansi yana da silinda 4. Silinda rami ne mai santsi, a cikinsa akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka, ana ce masa fistan. Aikinsa hawa huɗu ne. Fistan ya sauka, ya shaƙo iska gauraye da isansi. Ya hau, ya matse su. Buji ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya tunkuɗa fistan ƙasa. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Cikin huɗun nan, na uku ne kaɗai yake ba da ƙarfi. Shi ya sa silindojin ba sa kamawa tare, bi da bi suke yi: na 1, na 3, na 4, sannan na 2.

A injin da ya daɗe a tsaye, fistan yakan manne da jikin silinda. Ba a tilasta masa da ƙarfi, sai ya karye. Kawu ya cire bujin duka, ya zuba gazuwal cikin ramukan, ya ce a bari. Kowace Asabar Auta yana zuwa ya gwada da kile. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku, shiru. A sati na huɗu injin ya ɗan motsa, kamar faɗin yatsa. Auta ya yi ihu har kaji suka watse.

Da suka kwance injin, Auta ya ga wani abin mamaki. Kowane silinda bututu ne dabam da ake zarewa a sa sabo. Faransawa suna kiransa da kalmar da take nufin riga. Idan riga ta tsufa, ba a jefar da mai ita, sauya ta ake yi. Wannan dabara ce ta sa injin 404 yake daɗewa.

Kawu yana da tsohon littafin gyara na Faransanci, duk ya sha baƙin mai. Shi bai yi lakkwal ba, hotunan kawai yake dubawa, sauran yana cikin kansa da hannunsa. Auta ya riƙa karantawa yana fassara masa da Hausa. Nan ya ga cewa tazarar bakin buji ba ta kai milimita 1 ba, kuma aunawa ake yi, ba ƙiyasi ba. Ya ga kowane noti na kan inji yana da nasa ƙarfin ɗauri da nasa layi. Lissafin da yake ƙi a aji, ga shi ya biyo shi garaji.

Ya buɗe shafi a kayensa yana tara sunaye. Abin da ake ce wa buji a Nijar, a Kano fulogi ne. Isansi a can fetur ne, kile kuma sifana. Abu ɗaya ne, amma waɗansu sun aro sunan daga Faransanci, waɗansu daga Ingilishi.

Kuɗi kuwa a hankali suka zo. Da hutu ya tafi Bonkuku aikin haƙar dankalin Turawa. Ya yi kiwon ɗan akuya ya sayar. Idan wani direba zai tafi Yamai, kawu yakan ba shi saƙo ya nemo musu kayan da aka ciro daga matattun motoci.

An rufe mota

A tsakiyar shekara takardar sakamako ta zo. Auta ya ja baya sosai. An gano cewa yakan sulale daga aji da rana ya tafi garaji.

Maigida bai ɗauki bulala ba. Ya kwashe kayan aikin ya mayar wa kawu, ya jawo tsohon tamfol ya rufe motar, ya ɗaure da igiya.

"Baba, saura kaɗan ta tashi!"

"Me muka yi da kai?"

"Baba..."

"Ni na cika tawa, na sayar da ragona. Kai fa?"

Wata guda Auta yana fushi. Gaisuwa kawai take haɗa shi da ubansa. Wata rana ya ce wa innarsa shi ma zai bi yayyensa. Hankalin Inna ya tashi, ta roƙi maigida ya sassauta. Shi ma abin yana cin sa, don kullum da asuba yakan leƙa ɗakin yaron ya ga ko yana nan. Amma bai kwance igiyar ba.

Kawu ne ya kira Auta. Bai ba shi haƙuri ba. Ya ce: "Shekara 40 ina wannan aiki. Motocin da ake kawowa yanzu, sai an jona musu na'ura ta karanta ciwonsu. Ni ba na iyawa, sai in tura su Yamai. Kai kana son ka tsaya inda na tsaya? In ka bar lakkwal, kada ka ƙara taka garajina."

Auta ya koma karatu, da farko don dole. A ƙarshen shekara ya wuce aji na huɗu. Ranar da ya kawo takardar, maigida ya miƙa masa wuƙa ya ce ya yanke igiyar.

Ranar da ta tashi

Sai da rani na biyu ya zo suka gama haɗa injin. Suka aro batir mai bolt 12. Kawu ya kori ƙananan yara nesa, ya hana kowa matsowa da wuta, don isansi ba ya son wasa, ruwan batir kuma yana ƙona fata. Auta ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Kawu ya duba, ya ga yaron ya sauya wayoyin buji biyu. Suka mayar da su daidai. A gwaji na uku ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata suka yi guɗa. Maigida yana tsaye bakin zaure, bai ce komai ba, amma ya daɗe yana saurare. Rabonsa da jin wannan ƙara tun ubansa yana da rai.

Auta ya so a fita da ita ran nan. Kawu ya ƙi. Birki bai gyaru ba, kuma motar da ba ta tsayawa ta fi wadda ba ta tashi haɗari. Tayoyi biyu ne kawai suka samu. Takardun motar sun mutu, sai an sabunta su, an biya inshora. Shi kansa Auta bai kai shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasisin tuƙi ba.

Har yanzu bashe tana cikin gida, bisa itatuwa huɗu masu kauri. Kowace Juma'a da yamma ana tada ta na ɗan lokaci don kada ta sake kamewa. Auta yana shirin jarrabawar BEPC. A kayensa, layin da ke biye shi ne robobin birki.

Tambayoyi

1. Me ya sa kawu ya fara duba ƙashin motar kafin inji?
2. Waɗanne abubuwa biyu maigida yake tsoro idan ya yarda? Me yake tsoro idan ya ƙi?
3. Inna ta roƙi a sassauta, maigida ya ƙi. Wa kuke ganin ya fi gaskiya? Ku tattauna a aji.
4. Ku faɗi hawa huɗu na aikin fistan da Hausa, sannan da Faransanci.

Lissafi

A ce tsohuwar taya ɗaya jika 15 ce, Auta kuma yana ajiye jika 2 da rabi kowane sati. Sati nawa zai yi kafin ya sayi tayoyi biyun da suka rage? Ku rubuta kuɗin tayoyin da dala, sannan da faran.

Aikin gida

Ku je wurin wani makanike ko tsohon direba na garinku, ku gaishe shi, ku roƙe shi sunayen abubuwa 10 na jikin mota. Ku rubuta su da Hausa, ku nemo takwarorinsu na Faransanci.